Man da Na Musanya

Ni na yi laifin. Gara in faɗa tun daga farko, kada wani ya karanta rabi ya fara nema mini uzuri. Ba inji ne ya yi ƙarya ba, ba annoba ce ta jawo ba, ba kuma matar da aka ɗora wa laifin ba ce. Ni ne, Haruna, da hannuna.

Ina rubuta wannan ne saboda ku samarinmu na unguwar Wangsa Maju da kuke tare ni bayan sallar Juma'a kuna cewa in samo muku aiki a lab ɗinmu. Kwanan baya ɗayanku ya ce mini, "Baba Haruna, ai aikinku hutu ne. Mutum ya zauna cikin sanyin esi yana ɗiga ruwa a kwalba, wata ya ƙare a biya shi." Na yi dariya na wuce. Amma maganar ta tsaya mini, don haka ga amsarta.

Ban yi karatu mai zurfi ba. Ƙaramar difloma ce da ni, sai shekarun da na yi a wani kamfanin matsar man gyaɗa a Kano. Wani ɗan kasuwa mai sayen manja ya kawo ni Kuala Lumpur in riƙa duba masa kaya kafin a loda. Kasuwar ta mutu, shi ya koma, ni na zauna. Daga baya na samu aiki a wani ƙaramin lab a Setapak, a saman shagon gyaran babura. Mai wurin wani tsohon Ba'indiye ne ɗan ƙasa, kowa Ankul Rajan yake ce masa.

Aikinmu a taƙaice shi ne wannan. Mai yana tsufa. Iska ce take cin sa, zafi da haske da ɓurɓushin ƙarfe suna taya ta. Kun san man da ya daɗe, wanda in an soya ƙosai da shi za ka ji wari, ka ji maƙaƙi a maƙogwaro. To kafin hanci ya ji wannan, man ya daɗe da fara ɓaci. Akwai abin da ake sa masa kaɗan don ya jinkirta tsufar. Mu a tsakaninmu makari muke ce masa. Akwai makarin kamfani, akwai wanda ake tatsowa daga ganye ko ɓawo. Mu ne masu gwadawa mu ce wannan yana aiki, wannan ba ya yi.

Wata biyar na farko ban taɓa mai ba. Wanke kwalba kawai. Ranar da na gaji na ɗauki soson ƙarfe na goge bututan gwaji don su yi ƙyalli, aikin kwana biyu ya tashi a banza, domin ɗan ƙarfen da ya maƙale a gilashi ya ishi mai ya ɓaci kafin lokacinsa. Ankul Rajan ya ɗaga bututu ɗaya a hasken taga, ya juya shi, ya dube ni.

"Haruna, tukunyar matarka ce wannan?"

"A'a, Ankul."

"To je ka gida ka goge mata tukunya, lah. Za ta ji daɗi. Ni ban ji ba."

Bayan nan ne ya koya mini gwajin shuɗi. Za ka auna mai daidai, ka narkar da shi a ruwan asid, ka sa wani gishiri, ka ɓoye kwalbar a duhun kabad minti guda. Sai ka ƙara ruwa da ɗan sitaci, abin ya koma shuɗi mai duhu. Daga nan kana ɗigo wani ruwan daga dogon bututu mai lamba, ɗigo ɗaya ɗaya, kana kaɗawa, har shuɗin ya ɓace. Yawan ɗigon shi ne zurfin ɓacin. In ka kalli waya, ɗigo biyu suka wuce, ka yi wa man wani ƙazafi. Akwai kuma injin tsufarwa, wanda yake dafa mai yana hura masa iska, abin da zai faru a wata shida a kan kanta ya faru a yini guda, kai kuma kana ƙirga awannin da man ya jure.

Wata mata mai soya keropok, irin ƙamƙam ɗin kifin nan nasu, ta taɓa kawo mana kuka cewa kayanta suna wari bayan sati uku, masu kedai, wato kantuna, suna dawo mata da su. Ta riga ta yanke cewa mai sayar mata da mai ne yake cutarta. Muka gwada man, lafiyarsa lau. Sai da na bi ta har inda take suya na ga ludayin tagulla da ta gada wurin uwarta, yana kwana cikin kaskon. Ta canza ludayi, warin ya tafi. Wani mai mamak, wato gidan abinci, shi kuma ya kawo man da ya yi baƙi kamar na inji, ya ce, "Rubuta boleh kawai, ka ce yana da kyau, abokina, zan aiko maka da tapau, ƙunshin abinci, kullum." Na ƙi. Na daɗe ina ba da wannan labarin don a san ni mai gaskiya ne. Yanzu na daina.

Dokar farko a gwajin makari ita ce man ya zama ɗaya. Za ka raba shi uku: wani tsura ba a sa masa komai ba, wani da makarin kamfani, wani da sabon makarin da ake gwadawa. In man ba daga jarka ɗaya ya fito ba, ba ka gwada komai ba. Wannan ko ɗan sati biyu a lab ya sani.

Malama Binta ta zo mana ne daga jami'a, tana digiri na uku. Bakatsiniya ce, suna zaune a unguwar Taman Melati da mijinta Malam Nura da yara biyu, kuma zamansu duka a kan bizar karatunta yake. Injin tsufarwa na sashensu ya lalace, shi ya sa farfesarta ta turo ta wurinmu. Abin da take nema shi ne makari daga jan ɓawon gyaɗa, wanda mata suke fecewa su zubar in za su yi ƙuli-ƙuli. Ta ce in ya yi aiki, mai matsar mai a ƙauye ba sai ta sayi komai ba, abin da take zubarwa shi zai tsare mata manta.

Ba ta yarda da man kanti ba, domin ba ka san me aka sa masa ba. Da kanta ta sayo buhun gyaɗa, ta soya, ta murje, ta matse a ƙaramin injinmu. Kusan sati biyu tana wannan, lab duk ya cika da ƙamshi.

"Malam Haruna, ka daina kallon tunkuzar nan," in ji ta. "Ta kimiyya ce."

"Ranki ya daɗe, kimiyya ba ta cin ƙuli. Ni ina ci."

Washegari ta zo mini da ƙuli-ƙuli cike da roba, ta ce in kai wa Hajiya matata.

Man ya cika baƙar jarka ɗaya. Ƙa'ida ita ce duk lokacin da aka ɗiba, a hura iskar kariya a saman sauran, a ɗaure murfi, a mayar firiza. Ni da ita kaɗai muke da makullin firizar. Muka gama gwajin man tsura da na makarin kamfani. Saura nata. A ranar da na yi ɗiban ƙarshe ne labari ya zo za a kulle gari saboda annoba. Kowa ya ruɗe. Matata ta bugo ta ce shinkafa ta ƙare a kantuna. Na kashe injuna, na ja ƙofa, na ruga.

Da aka ba mu izinin komawa, bayan makonni, ma'aikata kaɗai aka yarda su shiga, ɗalibai sai dai waya. Ina buɗe ƙofa na hango jarkar a kan dakalin taga, inda rana take bugawa tun hantsi, murfin a ɗore kawai ba a ɗaure ba. Ban buƙaci gwajin shuɗi ba. Hancina ya gaya mini.

Na tsaya riƙe da jarkar. A watan nan Ankul Rajan ya sallami mutum biyu don babu aiki. Takardar izinin aikina da sunan lab ɗin take. In ya kore ni, ni da mata da 'ya'ya uku ba mu da hurumin zama, ga shi babu jirgi balle a ce mu tafi. Wayata ta yi ƙara, Malama Binta ce.

"Malam Haruna, an buɗe muku? Yaya maina?"

"Yana nan lafiya," na ce.

Da azahar na sauka kedai na ƙasan layinmu na sayi man gyaɗa kwalba biyu. Na zubar da nata, na wanke jarkar, na juye na kanti a ciki. Na ce wa kaina ai man gyaɗa man gyaɗa ne. Ni da na san ba haka ba ne.

Na sa makarinta a sabon man na kunna inji. Lokacin da man tsura ya saba karyewa ya wuce. Lokacin da na kamfani ya karye ya zo, shi ma ya wuce. Nata yana nan daram. Na maimaita sau uku, haka. Da na tura mata lambobin, ta bugo tana kabbara, ina jin yaran suna tsalle a bayanta suna tambaya da Turanci me ya faru.

Ni kuwa na koma kedai, na ɗauki irin kwalbar, na juya bayanta. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa an sa masa makari tun daga kamfani. Wato ba ɓawon gyaɗarta ne ya yi wannan jarumtar ba. Makari biyu ne a man, ana gwada shi da mai makari ɗaya.

Da a ranar na faɗa, da asarar wata biyu ce kawai. Ta sake sayen gyaɗa, a yi mini faɗa, ko a kore ni, shi ke nan. Ban faɗa ba. Ta rubuta babi guda a kan lambobin. Ta gabatar a gaban malaman sashensu aka tafa mata. Duk saƙon da ta turo mini na godiya, sai in ji kamar an ɗora mini dutse. Na riƙa addu'a, ku ji irin addu'ar, wai Allah Ya sa kada kowa ya sake gwadawa.

Aka sake. Farfesarta mace ce mai tsantseni, ta ce sakamako mai kyau haka sai wani lab ya tabbatar kafin a buga. Can suka gwada makarin a nasu man, bai kai ko kusa ba. Suka nemi ragowar man da muka yi aiki da shi. Ni da kaina na miƙa jarkar. Bayan sati biyu suka ce akwai makarin kamfani a ciki.

Jami'a ta kafa kwamiti. Zargin a fili yake: ɗaliba ta zuba makarin kamfani a manta don nata ya yi fice. In ya tabbata, kora ce, kuma a rubuta wa jami'ar da ta turo ta daga gida, inda take koyarwa. Aka kira ni shaida.

Ɗakin yana da dogon tebur, mutum huɗu a gefe ɗaya, ita kaɗai a ɗaya gefen, jarkar a tsakiya. Ta rame. Ta nemi izini ta buɗe jarkar, tun kulle ba ta sa ta a ido ba. Ta kai hanci. Ta ɗiga kaɗan a farar takarda ta duba.

"Wannan ba man da na matse ba ne," ta ce. "Nawa yana da ƙamshin suya, kuma ya fi wannan duhu. Wannan tataccen man kamfani ne."

Shugaban kwamitin ya juyo gare ni. Ya tambaya su wa ke da makulli. Na ce ni da ita. Ya tambaya ko na taɓa canza man, ko na ga wani ya canza.

"A'a," na ce. "Yadda ta bar shi haka na same shi."

Ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na fi samun sauƙi. Ta dube ni kamar mai karanta lamba a bututu, sannan ta sunkuyar da kai. Suka tambaye ta ko tana zargin wani. Ta ce ba ta ga kowa da idonta ba, don haka ba za ta kama sunan kowa ba. Aka dakatar da ita, aka ce hukunci zai fito.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na daina sallar Juma'a a masallacin da Malam Nura yake zuwa. In jirgin LRT ya tsaya a Taman Melati sai in juya wa ƙofa baya. Duk wayar da ta shigo da lambar da ban sani ba, sai in ce daga jami'a ne, ko daga ofishin shige da fice. Hannuna ya lalace a gwajin shuɗi, ɗigo yana wuce ni, har Ankul Rajan ya ce ko idona ne in je a duba. Matata ta yi ta tambaya me ya hana ni cin abinci. Na ce gyambon ciki ne. Ta sayo magani, na riƙa sha a gabanta.

Wata Asabar da hantsi na je Jalan Masjid India saya wa yara yadin makaranta. Ina fitowa daga wani shago muka yi kiciɓis da Malam Nura. Babu wurin gudu. Yana jan manyan akwatuna biyu sababbi, ledarsu ko cirewa ba a yi ba.

"A'a, Malam Haruna! Kai ne ka yi wuyar gani haka? Ko ka koma ɗariƙar masu sallar Juma'a a ɗaki?"

Na yi yaƙe. Na tambayi akwatunan, ko da yake na sani.

"Haɗa kaya muke. An ce hukunci sati mai zuwa, kuma an nuna mana alamar inda ya dosa. Gara mu shirya da mutuncinmu." Ya gyara riƙon akwatin. "Ni na so in zo lab ɗinku in yi magana da kai, in ji yadda aka yi. Maman Hanif ta hana. Ta ce in na gan ka in gaishe ka kawai. Ta ce kai ma kana da iyali a ƙasar mutane, kada a tayar maka da hankali."

Ya ba ni hannu ya wuce cikin taron, akwatunan suna ƙara a kan dakali.

Ashe ta sani. Tun ranar da ta shinshina jarkar ta sani, kuma ta auna 'ya'yana da digirinta, ta bar mini nawa. Ni kuma na auna, na ɗauki nawa na bar ta da hannu wofi.

Ba zan ce muku tsoron ya tafi ba. Ranar Litinin da na hau matakalar lab, sau biyu ina tsayawa in huta kamar mai ciwon zuciya. Na sami Ankul Rajan yana shan shayi, na faɗa masa komai a tsaye, daga taga har kedai har kwamiti. Bai katse ni ba. Da na gama ya ajiye kofin.

"Jarkar da ka bari a rana, wannan kuskure ne, kowa yana yi. Ni ma na yi. Sauran fa, Haruna? Sauran me sunansa?"

Ya miƙo mini takarda da biro ya ce in rubuta da hannuna, ya sa ni a motarsa ya kai ni jami'a, ya tsaya a bakin ƙofa har na miƙa wa farfesar.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗi, amma ga shi. An janye zargin. Jami'a ta daina turo mana ɗalibai gaba ɗaya, wanda ya kusa rufe lab ɗin. Ankul Rajan bai kore ni ba, na rasa dalili har yau, amma shekara biyu ban sa hannu a takardar sakamako ba, na koma wanke kwalba da furfurata. Malama Binta ta yi asarar fiye da shekara. Ta sake matsar mai, ta sake komai a wani lab. Makarinta ya yi aiki, ya fi man tsura nesa, amma bai kai na kamfani ba. Wannan ne gaskiyarsa, kuma da shi ta gama.

Sai dai tun kafin wannan duka, a yammacin ranar da na kai takardar, bayan la'asar, na sauka a Taman Melati. Na yi ta zagaya ginin kafin na hau. Malam Nura ne ya buɗe. Farfesar ta riga ta bugo musu, na gani a fuskarsa. Bai ba ni hannu ba, amma ya matsa na shiga. Falon cike da kwalaye, an sauke labule. Ya kora yaran ɗaki, ya kira ta.

Ta fito ta zauna a hannun kujera. Na ƙi kujerar da aka nuna mini, na durƙusa a kan tabarma.

"Malam Haruna, tashi. Ka girme ni."

"Bar ni a nan, ranki ya daɗe."

"To ina ji," ta ce. "Amma kada ka ce mini annoba, kada ka ce shaiɗan. Na gaji da jin sunayen waɗanda ba za su zo su amsa ba."

Na ce, "Ba zan ce ba. Ni na bar manki a rana. Ni na zubar da shi na sa na kanti. Na karanta bayan kwalbar tun ranar da kika yi kabbara, na san lambobin ƙarya ne, na bar ki kika hau kansu. A gaban mutum huɗu aka tambaye ni, na dubi idonki na ce yadda kika bar shi haka na same shi. Kin rufa mini asiri ina kallo ana tona miki rami. Ba ni da abin da zan mayar miki da watannin nan, kuma ban zo don ki ce komai yau ba. Na zalunce ki, Malama Binta, ke da mijinki da 'ya'yanki. Don girman Allah, in kin samu iko, ko ba yanzu ba, ki yafe mini."